Amsa ga Malam: Me Ya Sa Ake Adana Zanen Jirgin da Babu Shi?

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam.

Ranar taron tsofaffin ɗalibai, da na gama bayanin aikin da nake yi a Amurka na gyara da adana tsofaffin zane-zanen jiragen ruwa, ka miƙe a gaban jama'a ka yi mini tambaya mai baki biyu. Ka ce wane amfani ke cikin ɓata kuɗi da shekaru a kan takardun jiragen da attajirai suka yi wasan tsere da su, alhali jiragen ma babu su? Sannan ka ce tunda yanzu akwai na'urar da ke ɗaukar hoton takarda ta zuba a kwamfuta, me zai hana a ɗauka a huta da wahalar ajiya? Kafin in buɗe baki aka kira magariba, taro ya watse. A bainar jama'a ka yi tambayar, don haka na ga ya dace amsar ma kowa ya ji ta.

Zan fara da inda kake da gaskiya. Da yawansu jiragen masu hannu da shuni ne. Ga Reliance, wanda aka ƙera a 1903 a garin Bristol na jihar Rhode Island domin kare Kofin Amurka, gasar tseren jirage masu filafilai da ta samo asali tun 1851. Irin su William Rockefeller da Cornelius Vanderbilt na Uku ne suka haɗa kuɗinsa. Abokin karawarsu kuwa Sir Thomas Lipton ne, mai ganyen shayin nan da duk teburin mai shayi a ƙasarmu ya san sunansa. Sau biyar ya nemi kofin tsakanin 1899 da 1930, bai taɓa ɗauka ba. Faɗin filafilan Reliance ya haura murabba'in ƙafa 16,000, sai da mutum sama da 60 ake iya sarrafa shi. Ya ci tsere uku a jere, aka ja shi gefe, a 1913 aka farfasa shi. Idan jirgin kaɗai mutum ya duba, ba laifi in ya kira abin almubazzaranci.

Sai dai, Malam, ba Rockefeller ne ya zana shi ba, ba kuma Vanderbilt ne ya doka ƙusa ko ɗaya a jikinsa ba. Wanda ya tsara shi Nathanael Herreshoff ne, injiniyan da aka haifa a 1848 ya rasu a 1938. A 1878 suka kafa kamfanin ƙera jirage shi da yayansa John, wanda ya makance tun yana matashi, kuma duk da haka shi ke riƙe da ciniki da lissafin kamfanin. An ruwaito cewa yakan shafa siffar jirgi ta katako da hannu ya faɗi abin da ƙirar za ta ci. A ƙarƙashinsu akwai masu zane, da kafintoci, da maƙera, da masu zubin tagulla, da masu ɗinkin filafilai. Mai kuɗi ya biya, ya yi tserensa, ya tafi. Abin da ke kwance a kan takardun nan basirar waɗannan mutane ce: kaurin kowane katako, girman kowane ƙarfe, yadda za a rage nauyi ba tare da jirgi ya karye a tsakiyar teku ba. Kuma ba jiragen gasa kaɗai wurin ya fitar ba. Sun ƙera injunan tururi, sun ƙera wa sojan ruwan Amurka jirgin yaƙi mai suna Cushing a 1890, sannan a 1914 Nathanael ya tsara wani ɗan ƙaramin jirgi don koya wa yara tuƙi, wanda ake kira Herreshoff 12½. Kamfanin ya yi sama da 360 na irinsa, har yau kuma ana ƙera sababbi a kan wannan tsari.

Kai ka fara ba mu labarin kwalekwalen Dufuna a aji, shi ya sa zan kawo shi. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a jihar Yobe ta yanzu ya ci karo da shi. Tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kimanin 8,000, babu jirgin da aka tono a Afirka da ya kai shi daɗewa. Jirgin yana hannunmu, amma wanda ya sassaƙa shi bai bar mana komai ba sai aikin. Yadda ya zaɓi itacen, yadda ya auna, wa ya koya masa, duk sai dai masana su yi kirdado daga jikin katakon. Na Reliance akasin haka ne. Jirgin ya tafi fiye da shekara 110, amma tunanin da ya haife shi yana nan a rubuce. Duk lokacin da na tuna Dufuna sai in ji da ma a ce mai sassaƙar nan ya bar mana ko da layi biyu.

Akwai wani abu game da yadda Herreshoff ke aiki da ya sa ajiyar kayansa ta zama darasi ga duk mai wannan sana'a tamu. Yawancin masu tsara jirgi da zanen gangar jirgin suke farawa a takarda. Shi kuwa da katako yake farawa. Zai sassaƙa rabin gangar jirgin, ƙarama, wadda za a iya ɗauka da hannu, ya yi ta gogewa har ta kwanta masa a rai. Daga nan ya ɗora ta a kan wata na'urar awo da shi ya ƙirƙira, ya karanta ma'aunanta gaɓa-gaɓa, ya rubuta lambobin a ƙananan littattafai, da su ma'aikata za su fitar da jirgin a cikakken girmansa. Ka ga ilimin jirgi ɗaya ya rabu gida uku ke nan: siffar katako, littafin lambobi, da zane-zanen ƙira. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin ya rufe. Iyalan Haffenreffer, waɗanda suka mallake shi tun 1924, suka miƙa zane-zanen, sama da 13,000, ga sashen tarihin jiragen ruwa na jami'ar MIT, inda Nathanael ya yi karatu. Siffofin katakon kuma suna Bristol, a gidan tarihin da ɗansa Sidney da matar Sidney, Rebecca, suka kafa a 1971.

Na shiga ɗakin da siffofin suke. Sun kai 500, jere a jikin bango, sahu bisa sahu, katakon ya yi ja yana sheƙi. Na tsaya gaban wata na ɗauki lokaci ina bin lanƙwasar cikinta da ido, daga goshi har wutsiya, ban ga inda layin ya yi tuntuɓe ba. A nan na gane cewa da a ce wani ya ga littattafan lambobin nan ya ce tsofaffin takardun lissafi ne ya cinna musu wuta, da siffofin sun koma kayan ado kawai. Da kuma siffofin aka yi makamashi da su, da an rasa asalin da lambobin suka fito. Kowane ɓangare da ɗan'uwansa yake magana.

Takardun ba nasara kaɗai suke riƙe da ita ba. Jirgin Defender na 1895 an yi ƙasansa da tagulla, samansa da alminiyam don ya yi sauƙi. Ya ci kofin, amma haɗuwar ƙarafan nan mabambanta a cikin ruwan gishiri ta sa suka ci juna, a 1901 aka rushe shi. Ɗalibin injiniya da ya zauna da wannan zane zai ga daidai inda dabara ta yi aiki da inda ta ci amanar mai ita, ba tare da ya sake asarar jirgi ba.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wadda ta fi shafar aikina na kullum. Ɗaukar hoton takardu alheri ne babba, ba na musu. MIT ta yi wa zane-zanen Herreshoff haka, ta sa su a intanet, yau ɗalibi a Zariya ko Damagaram zai iya buɗe su a wayarsa. Hoton yana kuma rage yawan taɓa asalin, wanda shi ne ke kashe tsohuwar takarda. Amma kafin a kai ga na'urar akwai aiki, bayanta ma akwai.

Bari in ba ka misalin abin da ke zuwa teburina a ƙaramin gidan tarihin da nake aiki. Ana kawo zane a naɗe kamar tabarma, ya shekara 80 ko fiye a haka cikin rufin wani gida. In ka ce za ka warware shi da ƙarfi, zai karye maka a hannu kamar busasshen ganye. Sai an sa shi a akwati mai ɗan danshi na wasu sa'o'i har ya saki jiki, a buɗe shi kaɗan-kaɗan, a shimfiɗa tsakanin takardu masu tsotse laima, a danne da nauyi na kwanaki. Kuma kowane iri da halinsa. Wanda aka zana a kan ƙyallen lilin mai sitaci, ɗigon ruwa ɗaya na narkar da sitacin ya tafi da tawadar. Shuɗin kwafin nan da magina suka sani, haske na kashe masa launi, kuma in aka sa shi cikin irin jakar takarda mai sinadarin alli da ke kare sauran takardu, shuɗin dusashewa yake yi. Babban abin da ke sa ni baƙin ciki shi ne salatif. Wani da kyakkyawar niyya ya ga yagewa ya manna, bayan shekara 30 ledar ta faɗi, gam ɗin ya nutse cikin takardar ya bar tabo ruwan ƙasa, sau da yawa daidai kan lambar da ake nema.

Idan zanen ya kwanta, sai in kashe fitilar sama in haska shi daga gefe. A nan abubuwan da hoto ba ya kamawa suke fitowa: ramukan tsinin kamfas inda mai zane ya auna, kwarin layin fensir da aka goge aka matsar da shi kaɗan, wurin da aka kankare tawada da wuƙa aka sake rubuta wata lamba. Wannan shi ne sawun mutum yana canza shawara. Na'urar da muke da ita yau ba ta ganin duka, wadda za a yi nan gaba za ta fi ta gani, amma sai in asalin yana nan za a sake ɗauka. Ga kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba: takardar 1903 ina karanta ta da idona, amma zanen da aka yi a kwamfuta a shekarun 1990, aka ajiye a faifan da yanzu ba injin karanta shi, da manhajar da kamfaninta ya daina yi, shi ne ya fi ba mu tsoro. Ajiyar kwamfuta ma kiwo ce, dole a riƙa kwashe ta daga tsohon rumbu zuwa sabo, ranar da aka daina biyan mai kula ta tafi.

Watannin baya wani dattijo ya zo mana da guntun tagulla a aljihu, ƙarfen da ke riƙe sitiyarin ƙaramin jirgin da ya gada daga kakansa. Ya karye, kuma babu inda ake sayar da irinsa. Ba attajiri ba ne, tsohon ma'aikacin gidan waya ne. Muka yi kwana biyu muna bin rajista har muka sami zanen ƙarfen, rabin takardar ruwa ya taɓa ci, amma ma'aunan suna nan. Ya kai wa mai zubi kwafin, aka zuba masa sabo. Daga baya ya aiko mana da hoton jirgin a kan ruwa, jikarsa ce ke riƙe da sitiyarin.

Ina gaida Malam da iyali. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ɗalibinka.