Wasiƙa daga Garwa ta Kamaru: tsohuwar tashar jirgin ruwa

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya sanyin Paris? Mu nan zafin bazara ya sa mu gaba, ko da dare sai a tsakar gida muke shimfiɗa tabarma.

Hotunan lambun nan na André Citroën sun iso. Na daɗe ina kallonsu, har na nuna wa Baba. Da na ce masa nan ne aka ƙera motocin Citroën tun 1919, kafin a rushe masana'antar a buɗe lambu mai hekta 14 a bakin kogin Seine a 1992, sai ya yi shiru, can ya ce, "To ma'aikatan fa, ina suka koma?" Ka san halin tsoho. Ni ciyawa da dogayen benaye na gani, shi kuwa mutanen da babu su a hoton yake nema.

Maganarsa ce ta kai ni tsohuwar tashar jirgin ruwa ranar Juma'a bayan la'asar, inda muke zuwa leƙen dorina muna yara. Baba ya yi dako a wurin, lokacin da jirage ke hawowa Binuwai idan ruwa ya cika da damina, su ɗauki auduga da gyaɗa su gangara ta Yola har bakin teku a Najeriya. Yaƙin Biyafara ya tsayar da harkar, yashi ya ci kogin, aka kuma gama madatsar Lagdo a 1982. Yanzu sai kwale-kwalen 'yan kasuwa, da rumbuna masu tsatsar kwano. Na tarar da wata akuya ta haihu a inuwar ɗaya daga ciki, wata mata kuma tana gasa kifi a kan rabin durom, hayaƙi na shiga mata ido.

Ka ce in da kai ne mai gari, da ka jera benaye masu hawa ashirin a wurin. Haba, Faransa ta ɓata ka! Wa zai hau hawa ashirin da jarkar ruwa a kai ranar da aka ɗauke wuta? Ragon layya a ina za a ɗaure shi? Ni a gidan hayarmu mai hawa ɗaya ma, famfo ya kwana uku bai ɗiga ba a makon jiya. Kuma ka san da an gina, mai gasa kifin nan ba za ta iya biyan hayar ko ɗaki guda ba. Bayan gari za a tura ta.

Yin lambu a wurin dai na yarda da shi ɗari bisa ɗari. A dasa dalbejiya da maɗaci da mangwaro tun daga gada har tashar, a sa bencina, a bar masu kifi da masu shayi inda suke. Da aka gyara filin ƙwallonmu na Roumdé Adjia don gasar Afirka da aka buga a 2022, ai mun ga ana iya aiki in an so.

Baba yana gaishe ka, ya ce ka tambayo masa labarin ma'aikatan nan. Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Naka har kullum,
Abokinka na Garwa