Matasa masu wasan intanet, ga ƙofar shiga aikin sabar Luanti

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana da matasanmu masu sha'awar rubuta manhaja, waɗanda ke kwana kan wasannin intanet amma ba su taɓa leƙa cikin sabar, wato kwamfuta da manhajar da ke ɗauke da wasan, ba. Akwai wadda ƙofarta ke buɗe ga kowa: Luanti, manhajar wasan gina duniya da tubala, da Perttu Ahola ya fara a 2010 da sunan Minetest, aka sauya mata suna a 2024. An rubuta injinta da C++, ƙarin kayan wasa kuma, waɗanda ake kira mod, da Lua ake rubuta su. Rubutun injin nata yana GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu.

Shawarata ita ce kada wanda ya fara da gyaran injin. A fara da kunna sabar. Tana saurare a ƙofar sadarwa (port) ta 30000 ta hanyar aika bayanai da ake kira UDP, kuma a nan mutane da yawa ke tuntuɓe: sai su buɗe wata hanyar daban mai suna TCP, abokan wasa su kasa shiga. Wanda ke amfani da data ta layin waya kuma, sau da yawa kamfanin layin ya haɗa shi da dubban mutane a adireshi ɗaya na waje, don haka buɗe ƙofa a na'urar gida ba zai yi amfani ba. Mafita ita ce hayar ƙaramar sabar Linux, ko a gwada a kan wayifai ɗaya da abokai.

Inda aikin yake da daɗi shi ne gano abin da ke sa wasa nauyi. Sabar na zagayawa kusan kowane daƙiƙa 0.09, kuma mod ɗin duka layi ɗaya suke bi, ɗaya bayan ɗaya. Idan mod guda ya tsaya yana bincika dubban tubala a kowane zagaye, kowa zai jira shi: ka haƙa ƙasa, tubalin ya dawo, ƙofar cikin wasan ta ƙi buɗewa. A rubuta /status a wurin hira na wasan a ga adadin max_lag, wato ma'aunin jinkirin sabar. In ya haura daƙiƙa ɗaya, akwai matsala. Sai a kunna profiler.load a fayil ɗin saiti, a ga wane mod ne ke cin lokaci. Galibi maganin shi ne a daina aikin a kowane zagaye, a mayar da shi duk bayan daƙiƙa biyar ko goma. Gyaran layi goma irin wannan ya fi sabon mod mai layi dubu amfani ga masu wasa.

Taswirar duniyar wasan tana cikin fayil mai suna map.sqlite. A kashe sabar kafin a kwafi fayil ɗin, domin kwafin da aka ɗauka ana tsakar rubutu yakan fito a lalace.

Wajen kai rahoton matsala, a faɗi sigar sabar, jerin mod, matakan da za a bi matsalar ta sake faruwa, da layukan debug.txt, fayil ɗin da sabar ke rubuta kurakurai a ciki. Gyara kuma ya zama ɗaya tak a kowace buƙatar haɗa gyara da aka tura GitHub, domin masu dubawa 'yan sa-kai ne, kuma sai biyu daga cikin manyan masu aikin sun amince kafin a haɗe shi.

Wanda bai iya C++ ba, fassara zuwa Hausa na jiransa a Weblate, shafin fassara manhaja. A kula da jimlar LANG_CODE: ba fassara ta ake yi ba, "ha" ake sakawa, in ba haka ba fassarar mod ba za ta bayyana ba. Alamar @1 kuma a bar ta yadda take, domin nan ne sunan ɗan wasa ko adadi ke shiga.

Wassalam.

Daga mai karatu, Zariya