Godiya ga Shagon da Ke Gwada Kayan Wuta Kafin Ya Karɓi Kuɗi

Zuwa ga Maigida da yaransa, na shagon gyaran injin jirgi da ke kusa da bakin ruwa a Yawuri.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto takardar nan a bainar jama'a ne don direbobin jirage da masuntan Tafkin Kainji su san irin aikin da kuke yi, su kuma taya ni yi muku godiya.

Kowa ya sani tsofaffin injina yawancinmu muke lallaɓawa. Yamaha Enduro ne, mai ƙarfin doki 40 ko 15, wasu sun girmi yaran da ke jan igiyarsu. Wanda ya gaji Johnson ko Evinrude kuwa ya fi mu shan wuya: kamfanin OMC da ke ƙera su ya karye a 2000, Evinrude ɗin ma an daina yin sa a 2020. Orijinal ɗin kayan gyaran Yamaha yana samuwa, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin mai jigilar 'yan kasuwa. Dole sai ɗan Cana, ko ɗan Taiwan, ko na kwance. Kwali iri ɗaya, lamba iri ɗaya, abin da ke ciki kuwa sai Allah.

Ku ne kuka raba mu da sayen gaibu. A wasu wurare, iyakar gwaji shi ne a kwance fulogi, a jingina shi da jikin inji, a ja igiya, in an ga ɗan tartsatsi a ce wuta ta kawo. Maigida, kai ka fahimtar da ni cewa wannan ba shaida ba ce. Bakin fulogi bai wuce milimita ɗaya ba, kuma a sarari ko kwayil (naɗin wayar da ke ba fulogi wuta) mai rauni yana iya tsallake shi. A cikin silinda, inda fistin ya matse iska da mai, wutar tana bukatar ƙarfi ninkin haka. Shi ya sa kuke da ɗan abin gwajin nan mai ƙusoshi biyu da ake warewa. Na ga yaronka ya buɗe shi kusan faɗin ɗan yatsa, ya ja igiya, shuɗiyar wuta ta tsallaka ƙas-ƙas. Ya canza wani sabon kwayil daga kwali, aka ja, sai wata ja-ja mai yankewa. Ya ɗauki alli ya yi masa alama, ya jefa a kwandon da za a mayar wa dila. Bai ce in gwada sa'ata ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ku yarda da gwajin sanyi kaɗai. Akwai kwayil da CDI (ɗan akwatin da ke sarrafa wutar inji) da za su ba da lamba daidai a mita, su tashi da ja ɗaya da asuba, amma da zarar sun ɗauki zafi sai siririyar wayar ciki ta saki, inji ya mutu. A huta, ya tashi. A yi nisa, ya sake mutuwa. Da yawa an wanke kafireto har an gaji a kan wannan cuta. Ku kuwa sai kun ɗaura injin a durom mai cike da ruwa, kun bar shi ya yi zafi sosai, sannan ku haska fitilar taimin a kan faifan magneto ku ga ko wutar tana zuwa a kan lokaci. Wanda ya taɓa ganin fistin da taimin mara kyau ya ƙone ba zai yi ƙorafin jiran nan ba. Ni dai nakan samu benci in sha shayi.

Mai mota in wuta ta ɗauke masa, gefen titi zai gangara. Mu a tsakiyar tafki ne, da mata da yara da buhuna, ga iskar hunturu tana tura jirgi gefe, ga kututturan da ruwa ya binne tun da aka kammala dam a 1968.

Wani abin yabo kuma, ba ku kushe ɗan Cana gaba ɗaya don ku tallata mai tsada. Wanda ya ci jarrabawa kukan ce a ɗauka, ku faɗi kuɗinsa na gaskiya. Ni ma kun hana ni sayen CDI da na zo da niyyar saya, kuka nuna mini wayar madannin kashe inji ce ta goge tana taɓa jiki. Kun yi asarar ciniki, kuka karɓi na gyaran waya kawai.

Roƙona ɗaya: 'yan uwanmu na Wara da Malale suna da nisa da ku. In da hali, a riƙa tura yaro ɗaya da mita da abin gwajin wuta ranakun kasuwa, ko a karɓi 'ya'yansu koyon aiki. Ni zan ɗauki yaron a jirgina kyauta.

Allah Ya sa albarka a sana'a, Ya ƙara kasuwa, Ya kare mu da ku. Amin.

Naku,
Wani direban jirgin fasinja, Yawuri, Jihar Kebbi