Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ali Nuhu: A Fito Mana Da Shaihu Umar Tun Dattawan Suna Da Sauran Kwana

Assalamu alaikum, Malam Ali.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina yi maka murnar kujerar shugabancin Hukumar Finafinai ta Najeriya da aka ɗora ka a kai tun watan Janairun 2024. Allah ya taya ka riƙo. Ni tsohon malamin Hausa ne, na ajiye alli na dawo gida, kuma magana ɗaya ce ta sa na ɗauki biro: fim ɗin Shaihu Umar, da tsofaffin 'yan wasanmu da ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya alhali aikinsu yana kulle a cikin gwangwani.

Ba sai na ba ka tarihinsa ba, a hannunka yake. Marigayi Adamu Halilu, wanda shi ma ya taɓa riƙe wannan hukuma, shi ya ba da umarninsa a 1976, daga littafin da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta don gasar ƙagaggun labarai ta 1933. Umaru Ladan ya fito a Shaihu, Mairiga Aliyu ta fito a mahaifiyarsa Fatima. Fim ne na fiye da awa biyu, mai launi, da Hausa tsantsa, kuma da kuɗin gwamnatin tarayya aka yi shi, wato da kuɗin talakan ƙasar nan.

Sau ɗaya tak na kalle shi, ina saurayi, a Kaduna. Har yau ina ganin Shaihu zaune a tsakiyar almajiransa, an tambaye shi asalinsa, ya nisa kafin ya fara magana. Ina tuna ayarin raƙuma a cikin rairayi. Abin da ya fi zauna mini shi ne shirun da ya sauka a wurin lokacin da uwar nan ta bar gida ta bi sawun ɗanta, ita ma aka kama ta aka sayar. Wani dattijo da ke kusa da ni ya cire hula ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa suna rawa. Daga baya na fahimci dalili: a lokacin akwai mutane da rai waɗanda kakanninsu suka ba su irin wannan labari da bakinsu, ba a takarda suka karanta ba.

Daga nan fim ya ɓace. Shekara da shekaru ina karantar da littafin a aji, ina gaya wa yara cewa an yi fim ɗinsa, suna dubana kamar mai ba da labarin gizo da ƙoƙi. Suka san Makau, mijin uwar Shaihu, da sharrin da fadawa suka ƙulla masa, suka san Abdulkarim Balarabe da ya ɗauki Shaihu yana yaro ya tafi da shi Masar, suka rubuta jarrabawa a kansu, suka yi aure suka hayayyafa, ba wanda ya taɓa ganin fuskar ɗayansu.

Sai a 2016 aka gano faifansa na asali a rumbun ajiyar hukumar da kake shugabanta yanzu. Cibiyar Arsenal ta birnin Berlin ta gyara shi da tallafin Jamusawa, aka haska shi a bikin finafinai na Berlin a watan Fabrairun 2018. Na gode musu, Allah ya sani. Amma raina ya ɓaci ranar da na ji labari, kuma bai huce ba har yanzu. Bature a Jamus ya zauna a kujera mai laushi ya kalli Shaihu Umar yana bin fassara a ƙasan allo, ni kuwa da ba na bukatar fassara, da ɗalibaina, da jikokin wanda ya rubuta labarin a Bauci, muna jin labari a rediyo. Ko da an haska shi a wani zaure a Legas ko Abuja ko Jos ga masu katin gayyata, wannan bai kai shi ga mutanen da aka yi shi da harshensu ba. Ka tare matasa goma a Fagge ko Tudun Wadar Zariya ka tambaye su wane ne Umaru Ladan. Za su jero maka jaruman Indiya har da sunayen matansu kafin ɗaya ya amsa maka.

Dokar da ta kafa hukumarka a 1979 ba ta tsaya ga shirya fim ba. Ta ɗora mata adana finafinan ƙasa da kuma rarraba su. Alkawari ne gwamnati ta yi wa jama'a a rubuce, kuma ranar da ka karɓi kujerar, shi ka karɓa. Adanawa an yi rabi, Allah ya kiyaye sauran. Rarrabawa fa?

Ka yi haƙuri in faɗa maka abin da ya sa wannan ya wuce maganar sha'awar tsoho. Ina da maƙwabci, ya haura shekara 70, yana cikin waɗanda suka yi wasan kwaikwayo a talabijin a shekarun 1980. Ba babban tauraro ba ne, amma a zamaninsa in ya shiga kasuwa sai yara sun bi shi suna kiran sunan wasansa. Kwanakin baya aka kira shi aiki, na raka shi saboda ƙafarsa. Tun ƙarfe takwas na safe muka isa lokeshan. Ya zo da babbar rigarsa guda ɗaya mai kyau a cikin leda, an yi mata guga tun daren jiya, don ba a ba da kayan sawa. Aka nuna mana benci a gindin darbejiya. Azahar ta yi, la'asar ta wuce, yana ta juya carbi yana haɗiye maganin hawan jini da ruwan leda. Dab da magariba wani yaro da bai kai jikansa ba ya leƙo ya ce, "Baba, taso a yi naka." Fitowa biyu ce. A ta farko ya ce wa 'yarsa ta yi haƙuri ta koma ɗakinta, a ta biyu ya sa mata albarka. Ko takardar labari ba a ba shi ba, a tsaye aka gaya masa abin da zai faɗa. Da aka zo sallama aka dunƙula masa abin da, bayan mun cire kuɗin mota, bai kai na maganin sati ɗaya ba.

A hanyar dawowa bai yi ƙorafin kuɗi ba ko sau ɗaya. Abin da ya ce mini shi ne, "Malam, da a ce jikokina za su ga abin da muka yi a da, da sun san ba sa albarka kaɗai na iya ba." Ya nemi kaset ɗin wasanninsa ya rasa. An ce masa wasu an ɗora wani shiri a kansu, wasu sun yi funfuna.

Ka san wannan ba labarin mutum ɗaya ba ne, kuma ka fi ni sani. A watan Fabrairun 2022 Hajiya Ladin Cima, wadda muka sani da Tambaya, ta faɗa a shirin Daga Bakin Mai Ita na BBC Hausa cewa dubu biyu, dubu uku, dubu biyar ake ba ta in ta yi fim. Masana'antar ta ɗauki zafi. Kana cikin waɗanda suka fito suka ce sun biya ta fiye da haka, kuma ban ƙaryata ka ba. Amma an shafe makonni ana jayayya a kan wa ya ba ta nawa, aka bar ainihin tambayar a ƙasa: me ya sa macen da ta kwashe shekaru masu yawa a gaban kyamara take jiran sallamar yini kafin ta ɗora tukunya? Sannan ga Baba Karkuzu a Jos, garin da ofishinka yake. Sai da aka yaɗa bidiyonsa, ido ya tafi, yana neman taimakon muhalli, kafin ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya saya masa gida. Allah ya saka wa Ahmed da alheri. Amma mutumin da ya sa Arewa dariya shekara da shekaru bai kamata sai ya zubar da hawaye a waya kafin a tuna da shi ba. Ya rasu a watan Maris na 2025.

Kafin shi Kasimu Yero ya tafi a 2017. Umaru Ɗanjuma Katsina, Kasagi, wanda ya rubuta Kulɓa Na Ɓarna da hukumarka ta mayar fim a farkon shekarun 1990 a hannun Brendan Shehu, ya bi a 2021. Samanja Mazan Fama, Usman Baba Pategi, wanda ya ɗauko Hausar bariki ya shigar da ita kowane gida, ya tafi a watan Nuwamban 2023. Duk wanda ya faɗi sai a cika Facebook da hotonsa, a je ta'aziyya da kyamara, bayan sadakar uku a watse. Da kowannensu aka binne abin da babu a littafi: yadda aka ɗauki wasa kaza, wa ya ƙirƙiri kalma kaza, ina aka samo doki, wa ya ɗinka kayan fada.

Ba ina roƙa musu sadaka ba ne, Malam Ali. Manomi in ya tsufa yana cin abin da ya zuba a rumbu. Rumbun ɗan wasa kuwa aikinsa ne na baya. In ana haska tsohon aikinsa ana biyansa wani abu, ko kaɗan ne, tsufansa ya samu madogara, kuma darajarsa a lokeshan ta canja, domin yaron da ya kalli Shaihu Umar ba zai bar wanda ya fito a cikinsa a kan benci tun safe har magariba ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta amince cewa mai wasa yana da haƙƙi a kan wasansa. Haƙƙin da ke cikin gwangwani a rufe kuwa ba ya sayen ko ƙwayar magani.

Kuma lokaci ba ya jira. Faifan fim irin na da, in zafi da laima suka same shi, sai ya fara warin tsami, ya motse, ya manne da juna, daga nan ko injin Jamus ba ya ceto shi. Kaset ɗin bidiyo ya fi shi saurin mutuwa, injunan kunna shi ma sun kusa ƙarewa. Dattawan suna tafiya, faifan suna ruɓewa, a lokaci guda.

Ga abin da nake roƙonka, don Allah don Annabi. Shekarar 2026 ita ce ta 50 da yin Shaihu Umar, ita ce kuma ta 60 da kisan wanda ya rubuta shi. Ka fito da fim ɗin nan ka kai shi inda mutanensa suke. Ka fara da Bauci, kusa da kabarin Tafawa Ɓalewa. Ka kai shi Gidan Arewa a Kaduna, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da ƙofar fadar duk sarkin da ya yarda, a kafa farin ƙyalle bayan isha'i yadda ake yin majigi a da. Wannan ba ya bukatar ginin biliyoyi, mota ɗaya ce da janareta da lasifika. Ka zauna da gidajen talabijin masu shirye-shiryen Hausa a haska shi da sallah. A sa shi a intanet ta hanyar da mai waya a Maraɗi ko Damagaram ko zangon Kumasi zai kalla. A ba kowane sashen Hausa na jami'a da kwalejin ilimi kwafi. In akwai wata yarjejeniya da ta hana, ka fito ka faɗa wa jama'a ko mece ce, mu san da wa za mu yi magana.

Kafin a haska shi ko'ina, a nemo duk wanda ya rage a raye cikin waɗanda suka fito a ciki, da iyalan waɗanda suka riga mu, a zaunar da su a sahun gaba, a kira sunayensu ɗaya-ɗaya. Duk abin da aka samu na talla ko tikiti, a ware musu kaso a rubuce, a sanar da shi a fili. Ba ambulan da za a miƙa a gaban 'yan jarida ba, kaso sananne da magada za su iya tambaya.

Kana da makarantar koyon fim a Jos, akwai kuma karatun digiri na biyu a kan adana finafinai da aka buɗe tare da Jami'ar Jos, jami'ar da kai ma ka gama. Ka tura ɗaliban nan da kyamara gidajen tsofaffin 'yan wasa, su zauna su ɗauki tarihinsu da bakinsu, su kwashe hotuna da kaset-kaset da ke ƙarƙashin gado kafin gara ta gama da su. Akwai maganar inshorar lafiya, da mafi ƙarancin sallama ga dattawa, da rubuta musu rawar da ta wuce ta uban amarya. Waɗannan ka fi ni sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa, kai da ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN, na bar muku.

Da wani ne a kujerar da ban ɓata tawada ba. Kai ka yi zaman lokeshan tun 1999, ka kira waɗannan mutane Baba da Mama a gaban kyamara da bayanta, sun sa maka albarka a fim ba adadi. Ka haura 50 yanzu, rawar uba ta fara zuwa hannunka. Shi ya sa nake da yaƙinin in maganar ta iso gare ka ba za ta faɗi ƙasa ba.

Maƙwabcina ya san ina rubuta wannan wasiƙa. Ya ce in gaya maka in za a haska Shaihu Umar a Zariya a sanar da shi da wuri, zai sa a wanke rigar nan, kuma zai zo da jikokinsa duka bakwai.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin Hausa, Zariya.