Sukur Na Buƙatar Kulawa Da Maziyarta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masu karatu zuwa ƙasar Sukur, wadda ke kan duwatsun Mandara a ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, dab da iyakarmu da Kamaru. Na ziyarce ta da kaka, lokacin da dawa ta nuna.

Daga gindin dutse da ƙafa muka hau, muna bin wata hanya da kakannin mutanen garin suka shimfiɗe da falalen duwatsu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gonakinsu, domin sun yanka jikin dutse hawa-hawa, sun tokare kowane hawa da jeren duwatsu don kada ruwan sama ya kwashe ƙasar noma, kuma duk manomin da zaizaya ta taɓa cinye masa gona zai gane girman wannan dabara. Fadar sarkinsu, wanda suke kira Hidi, ita ma da duwatsu aka kewaye ta, babu siminti. Akwai rumbunan hatsi, da ramukan da ake turke bijimai don kiwo, da kufan wuraren narkar da tama, sana'ar da ta sa Sukur ta yi suna wajen samar wa maƙwabtanta ƙarfe.

A 1999 UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, kuma ita ce ta farko a Nijeriya, shekara 6 kafin kurmin Osun da ke Osogbo. A 2014 'yan Boko Haram suka kai mata hari suka ƙona gidaje, amma mutanenta suka dawo suka ci gaba da noma.

Roƙona ga hukumomi shi ne a gyara hanyar mota zuwa gindin dutsen, amma kada a taɓa tsohuwar hanyar duwatsu da sunan zamanantarwa, sannan a tallafa wa dattawan da suka iya wannan gini su koyar da matasa tun suna da ƙarfi. Mai niyyar zuwa kuma ya fara tuntuɓar mutanen yankin kan halin tsaro, ya nemi ɗan jagora daga cikinsu, ya biya shi haƙƙinsa.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Mubi