Rahoton Kwamitin Gyaran Injin Kwashe Dusar Ƙanƙara na Masallacinmu

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan uwa. Tun bayan da sanyi ya ja baya ake tare mu a bakin masallaci ana tambayar inda kuɗin gyaran injin suka shiga, har wasu na cewa da kuɗin da aka kashe ai gara a ce sabo aka saya. Haƙƙinku ne ku tambaya, domin guminku ne. Rasit ɗin kowane abu yana manne a allon sanarwa, ga kuma bayanin da rasit ba zai iya yi ba.

Duk wanda ya yi hunturu ɗaya a Winnipeg ya san daga Nuwamba zuwa Maris filin ajiye motocinmu ba ya shiguwa sai an share, kuma a Janairu sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifiri. Shi ya sa aka amince a gyara tsohon injin da ake ɗaura wa taraktar masallaci ta baya. Kafin dusa ta fara sauka mun canza boris biyu, mun sa sabuwar sarƙa, mun sauya takalman ƙarfen da yake zamewa a kansu, aka zuba sabon mai mai lamba 80W-90 a akwatin giyar injin, aka bi kowace gaɓa da giris. Wannan bai ci ko kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka tara ba, kuma babu wanda ya yi ƙorafi a kai.

Akwatin giya shi ne abin da ake magana, don haka bari mu tsaya a kansa.

Tarakta tana juya sandar bayanta sau 540 a minti ɗaya. Wannan ƙarfin ne ke shiga akwatin giya, ya rabu biyu: wani ya juya murɗaɗɗen ƙarfen da ke tattaro dusa, wani ya juya fankar da ke cilla ta waje ta bututu. A tsakanin sandar da akwatin akwai wani ɗan noti da aka yi shi musamman don ya karye. Idan injin ya ci karo da dutse ko katako, notin ne ke tsinkewa, komai ya tsaya cak, a sa wani a ci gaba. Kuɗinsa bai kai na kofin shayi ba.

Wata safiyar Juma'a, bayan dusa ta kwana tana zuba, notin ya karye har sau biyu, na ajiya kuma suka ƙare. Ɗan uwan da ke kan tarakta tun kafin asuba ya duba akwatin kayan aiki, ya sami wani noti daidai ramin, ya ɗaura. A ido duk ɗaya suke. Sai ka kalli kan notin da kyau za ka ga bambanci: wanda takardar injinmu ta ce a sa layi uku gare shi, wanda aka sa kuwa layi shida, wato mai tauri ne ƙwarai, ba ya saurin karyewa. Da injin ya kama ɗaya daga cikin tubalan simintin da ke tare tayar mota, wanda dusa ta binne, notin ya riƙe, haƙoran giya suka ɗauki bugun. Da muka kwance murfin, man ya fito da ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli, haƙora uku kwance a ƙasan akwatin.

Muna roƙo da a daina kiran sunan wannan bawan Allah a maganar. Ya fito cikin duhu da sanyi ne don dattawa su samu wurin taka ƙafa. Laifin namu ne na kwamiti, mu ne ba mu ajiye notin da yawa ba, kuma ba mu kafa sandunan alama a kan tubalan ba kafin dusa ta rufe su.

To me ya sa aka sayi sabon akwati? Mun fara kai wa mai walda, ya ce haƙorin giya ƙarfe ne da aka gasa, in an liƙa shi ba zai yi mako ba. Mun nemi na hannu, har mutum biyu suka yi tafiyar awa biyu zuwa wata gona. Bakanikenmu ya ce a tsiyayo mansa tukuna, sai ga irin ɓarɓashin da muka baro a namu. Wani da aka yi mana tayi kuma lissafin juyinsa bai dace da fankarmu ba, da mun sa shi dusa ba za ta yi nisa ba, sai dai ta toshe bututu. Giyoyi biyun da ke cikin akwatin tare suke cin juna, ba a canza ɗaya a bar ɗaya. Ana cikin haka kowace saukar dusa sai mun biya mai motar share dusa, kuma makonni uku da muka yi muna jiran kaya sun ci kuɗin da ba mu tsara ba. Sabon akwati da wannan haya su suka cinye fiye da rabin asusun. Masu cewa a sayi sabon inji, mun tambayi farashi, ya ninka duk abin da muka kashe, alhali jikin namu da fankarsa lafiya lau suke.

Yanzu injin yana aiki. Akwai kwalin noti mai layi uku a ɗaure cikin tarakta, an kuma rubuta doka a jikin ƙofa: ba a sa hannu a bututu sai an kashe inji an zare makulli, da sanda ake zungure dusar da ta toshe.

Godiyarmu ga Alhajinmu da ya hana a faɗi sunansa ba ta da iyaka. Ranar da aka ce sai an biya kafin a turo akwatin, shi ya cike giɓin ko tambaya bai yi ba. Allah ya saka masa da gidan Aljanna, ya jiƙan mahaifansa. Iyayenmu mata na Islamiyya sun kawo nasu a ambulan, sun kuma riƙa aiko da kunu mai zafi ga masu kwance ƙarfe. Bakanikenmu bai karɓi ko sisi na aikin hannu ba. Allah ya sa a mizani.

Saura rumfar ajiye tarakta. Har yau tarakta a fili take kwana. Man gas yana daskarewa a irin wannan sanyi, batir yana mutuwa, gishirin hanya yana cin ƙarfe, kuma wayar da muke jawowa daga masallaci don ɗumama inji ta ratsa inda yara ke wucewa. An riga an zuba daɓen siminti, abin da ya rage katako ne da kwano da ƙofa da layin wuta guda. A nan ba a gini mai daɗi idan ƙasa ta daskare, don haka muna so a rufa kafin ƙarshen Oktoba. Mai kuɗi ya ga ma'aji bayan sallar Juma'a, za a ba shi rasit nan take. Mai iya kafinta ko aikin lantarki kuma ya rubuta sunansa a takardar da ke ƙasan allo, ranar Asabar za mu fara kafa ginshiƙai in Allah ya yarda.