Rahoton Ayyukan Shekara: Hana Tsuntsaye Zama Kan Bututai da Ƙarafan Baranda

'Yan uwa membobi, a taron bara kun ɗora wa kwamitin ayyuka nauyin magance ɓarnar da tsuntsaye ke yi a benayen da muke kula da su, musamman tattabaru. Ga bayanin abin da aka yi, da inda aka yi kuskure.

Mun fara da zagaye, safe da yamma, kafin a sayi komai. Abin da ake nema shi ne a raba wurare gida biyu: inda tsuntsu ke sauka ya huta da rana, da inda yake kwana ko yake sheƙa. Kashin ne ke nunawa. Idan ɗigo-ɗigo ne a warwatse, wurin hutu ne. Idan ya taru ya yi tudu, ga gashi da tsinkaye a haɗe, makwanci ne. Wannan rabon shi ya yanke wane irin kaya za a sa a ko'ina, domin tattabarar da ta saba kwana a wuri ba ta barin sa cikin sauƙi. Ƙwai biyu take yi, ta yi kwanci kwana 18, 'yan shila su tashi bayan wata guda ko sama da haka kaɗan, kuma tana iya maimaitawa sau da dama a shekara. Duk inda muka tarar da ƙwai ko 'yan shila mun dakata har suka tashi. A ƙasashe da yawa doka ma ta hana taɓa sheƙar da ke da ƙwai, kamar dokar kare namun daji ta 1981 a Birtaniya, saboda haka kowa ya duba ta inda yake.

Sai wanki. Kashin tsuntsu yana da sinadari mai cin fenti, fenti na tashi tsatsa ta shiga. Ba a share shi a bushe, domin ƙurarsa na ɗauke da ƙwayoyin cuta masu kama huhu. Ana jiƙa shi da ruwa mai maganin kashe ƙwayoyin cuta, a bar shi ya yi laushi, a kankare, a ƙulle a leda. Ma'aikaci ya sa safar hannu da takunkumi irin N95 ko FFP3. Inda tsatsa ta riga ta kama an goge da burushin waya, an shafa fentin hana tsatsa, an bar shi ya bushe sarai.

Bututai ne suka fi cin lokaci. A kansu mun sa layin tsinkayen ƙarfe marar tsatsa, masu tsayin kusan santimita 11, da gindin roba mai jure rana. Bututu mai kauri har santimita 10 layi ɗaya ya ishe shi, a daidai ƙololuwarsa. Wanda ya fi haka sai layi biyu, in ba haka ba tsuntsu zai sauka a kafaɗar bututun, gefen tsinkayen. Ba a huda bututu, ko na ruwa ne balle na iskar gas. Ɗaurewa ake yi, wuri uku a kowane yankin layin tsinkayen mai tsawon santimita 33: baki, tsakiya, ƙarshe.

A nan muka yi kuskuren farko. An yi amfani da farin maɗaurin roba mai haƙora, rana ta gasa shi, ya riƙa karyewa kamar busasshen kara. Layin ya juya ya koma ƙarƙashin bututu, tsinkayen na kallon ƙasa, tattabaru na zaune a sama abinsu. An sake aikin da baƙin maɗauri mai jure hasken rana, a bututan ruwan zafi kuma da kilif na ƙarfe mai noti. Idan kilif marar tsatsa zai hau bututu mai rufin zinki ko ƙarfen alminiyam, a sa ɗan yankin roba a tsakani, domin ƙarafa biyu mabambanta in suka haɗu da danshi ɗaya yana cin ɗaya. Inda aka buƙaci gam, silikon marar warin tsami muka ɗauka. Mai warin yana cin ƙarfe, kuma babu gam ɗin da ke kamawa a kan ƙura ko jiƙaƙƙen wuri.

Kuskure na biyu ya fi ba mu haushi. Bututu da yawa suna tafiya ne kusa da bango, da ɗan rata a baya. Duk ratar da ta wuce santimita 6 tattabara za ta shige ta, tsinkayen da muka sa kuma su zame mata katanga. A wani lungu mun tarar da sheƙa a bayan layin, ta ma jingina tsinkayenta da namu. An gyara ta hanyar karkatar da layi na biyu zuwa bango. Mu sani kuma cewa tsinkaye ba sa hana ƙananan tsuntsaye irin su gwara. Su a tsakanin tsinkayen ma suke gina sheƙa idan ganye da tarkace suka taru.

Ƙarafan baranda da na matakala daban suke, tunda mutane na dafa su, yara na leƙe ta kansu. Kwamiti ya hana sa tsinkaye duk inda hannu ke kaiwa. Abin da aka sa shi ne siririyar waya mai rufin roba, a kan 'yan turaku da ake matsewa a jikin ƙarfen da kilif. Tsakanin turke da turke kada ya wuce mita 1.5, kowane jan waya kada ya wuce mita 3, kuma a ƙarshensa akwai ɗan sifirin. Sifirin ɗin shi ne aikin: tsuntsu ya sauka, wayar ta yi lilo, ƙafarsa ta kasa kamawa. Wanda ya ja waya ya ɗaure ta tamau ba sifirin, ya ƙara wa tsuntsu wurin zama ne kawai. Idan saman ƙarfen na da faɗi, layi biyu ake yi, tazararsu kada ta wuce santimita 6.5, ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsayi. Wayar ta yi kyau a wuraren hutu. A makwanci ba ta tsinana komai ba, tattabarun sun danne ta sun kwanta.

Makwancin sai raga. Mai ido milimita 50 ta tattabara ce, gwara kuwa sai mai milimita 19. Ana ja ta a kan wayar da ta zagaye bakin wurin, a kama ta kowane ido ko kowane ido biyu. Raga mai sako-sako ko mai ɓula ta fi rashinta muni, domin tsuntsu na shiga ya kasa fita. Kafin a rufe gefen ƙarshe a haska da tocila a tabbatar babu wanda ya maƙale a ciki.

Wasu membobi sun nemi a gwada mujiyar roba da na'urar ƙara don tsorata tsuntsayen. An gwada mujiyar, cikin 'yan kwanaki aka ga kashi a kanta. Na'urar da ake cewa tana fitar da ƙarar da kunnen mutum ba ya iya ji ba mu saye ta ba, tunda tattabara ma ba ta jin irin wannan ƙarar. Man danƙo da ake shafawa a inda tsuntsaye ke sauka shi ma mun ƙi shi: yana kwashe ƙura, yana narkewa da zafi ya ɓata bango, yana kuma kama gashin ƙananan tsuntsaye.

Abin da ya rage na shekara mai zuwa uku ne. Za a riƙa zagaye kowane wata uku, a cire tarkace daga tsinkaye, a duba maɗaurai da sifirin. Za a juya ruwan da ke ɗiga daga na'urorin sanyaya ɗaki zuwa cikin magudana, domin nan tsuntsayen ke sha. Muna kuma roƙon kowane memba ya ja hankalin mazauna gininsa su daina barin ragowar abinci a baranda, su riƙa rufe kwandon shara. Wanda ya ga raga ta ɓule ko waya ta saki, ya sanar da sakataren kwamiti a ranar, kada ya jira zagaye.